Injin Da Na Wanke Sau Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda suke gidanmu ran nan ba, don har yau in na rufe ido ina ganin kowa a inda yake. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba (ku ce masa Heluma, haka ma'aikatan kamfanin matsar gyaɗa na Bompai suke kiransa don shi ne shugaban leburori, har unguwa ta ɗauka). Akwai matarsa Rabi. Akwai Hajiya Dije, gwaggon saurayin da zai auri jikata Binta, ita ta jagoranci kawo lefe daga cikin birni, tare da mata uku waɗanda ban ji sun faɗi komai ba duk yinin sai "haka ne, Hajiya". Akwai Tabawa maƙwabciyarmu, wadda ba a gayyata ba, ba a kuma taɓa yin wani abu a unguwar nan babu ita ba. Sai Malam Iro fita, wato mai gyaran inji, bawan Allah bai ji ba bai gani ba, na sa aka ɗauko shi a keke don in ci masa mutunci. Binta kuwa tana ƙuryar ɗaki ta ɓuya don kunya. Idonta ya tsira, kunnenta bai tsira ba.

Sai kun san ko ni wace ce a lokacin za ku gane nisan faɗuwar da na yi. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma Allah ya ba ni ido. Uwata maginiyar tukwane ce a Challawa, tun ina 'yar ƙarama ta koya mini in ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa in ji ko tana da tsaga a ɓoye. Daga tukunya na wuce kan komai. In za a sayi ragon suna, ni ake kira in buɗe bakinsa. In za a sayi atamfa, ni zan jiƙa gefenta da yawu in murza a farin ƙyalle. Kwanon jere, gado, turmi, har jaki an taɓa kawo mini ƙofar gida in duba. A duk faɗin Tudun Wada magana ɗaya ake yi a kaina: "Inna ba a cutarta." Ba ni da gona, ba ni da shanu, wannan sunan shi ne abin da na mallaka, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata.

Ba ni da sauƙi kuma, wannan ma gara in faɗa da bakina. Shekara goma sha takwas Rabi tana gidan nan, tana shara, tana tuwo, tana haihuwa, ban taɓa ce mata madalla ba. In ta share tsakar gida sai na bi bayanta na tsinto kara ɗaya na ɗaga mata. (In babu karan, ina da inda nake samowa.)

To, a shekarun nan da Turawa suke ta ɗaure kayansu suna komawa gida, Heluma ya jawo mana wutar lantarki. Ƙwai uku, da rediyo, da fanka ɗaya mai juya kai hagu da dama, wadda aka ajiye a ɗakina tunda ni ce babba. Sai dai wutar ba ta da alƙawari. Da rana tsaka, lokacin da injinan Bompai suke ta gurnani, sai ka ji fanka ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta sunkuyar da kai ta tsaya.

Haka ta yi mini ranar da Hajiya Dije ta fara zuwa ganin gida. Muna cikin gaisawa, ana zafin bazara irin wanda ƙadangare ma yake neman inuwa, fanka ta mutu. Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ta zaro mafici daga cikin mayafinta, kamar da ma ta san za a yi haka.

"Allah sarki," ta ce. "Wutar 'yan waje ke nan. Ashe aro ake ba ku."

Na yi murmushi, na miƙa mata goro. Amma maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen wake. Tana fita na aika aka kira Heluma.

"Ranar da matar nan za ta dawo da lefe, ba na son fankar nan ta tsaya."

"Inna, wuta ai ba a hannuna take ba."

"To ka sa ta a hannunka."

Ya sosa ƙeya, ya ce akwai wani fita a Bompai, Malam Iro, yana da injinan wuta da Turawa suka bari. Ƙarami ne, ana zuba masa fetur, a ja igiya, ya ba da wuta ko masu wuta sun ɗauke tasu. Ya ce gobe zai biya ya zaɓo ɗaya.

"Za ka zaɓo?" na ce. "Kai da ka taɓa sayo mini tunkiya mai tari? Ba abin da zai shigo gidan nan ban duba shi ba."

Washegari na yafa mayafi na bi shi a ƙafa. Ba wurin mata ba ne, amma tsohuwa ba ta da wurin da ba nata ba. Ko'ina ƙanshin gyaɗa da warin fata, manyan motoci suna ta wucewa, ma'aikata suna gaishe da Heluma suna satar kallona. Wurin Malam Iro wani fili ne da aka kewaye da kwano, ƙasa duk ta yi baƙi da mai. Shi kansa dattijo ne siriri, hular kansa ta manta launinta.

"Sannu da zuwa, Inna. Heluma, har da Inna ka taso?"

"Ni na taso shi," na ce. "Ina kayan?"

Guda uku ya nuna mana. Na farko ƙato ne kamar bijimi, ya ce sai an gina masa ɗaki an yi masa daɓen siminti. Na ce ɗakin da zan gina wa ƙarfe gara in gina wa baƙo. Na biyu kore shar, yana sheƙi, na ga idon Heluma ya maƙale a kansa har yana shafa shi. Na matsa na sa farce na kankare gefe, tsatsa ta leƙo. Na ƙwanƙwasa cikinsa, ya amsa mini da murya irin ta tukunyar da ta sha faɗuwa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, na ga mai yana ɗiga.

"Wannan kwalliyar bazawara ce," na ce.

Malam Iro ya yi dariya. "Wallahi, Inna, ajiya ce. Mai shi ne ya shafa masa fenti ya kawo. Da Heluma ya nuna shi, da ni zan hana shi."

Na uku yana can gefe, ɗan ƙarami, mummuna, fentinsa duk ya kwaile, yana da mariƙi ta kowane ɓangare yadda mutum biyu za su ɗaga. Na ƙwanƙwasa tankinsa. Ya yi ƙara tas, irin ƙarar da uwata take gyaɗa kai in ta ji. Ƙarƙashinsa a bushe. Sai na yi masa tambayoyin da nake yi wa mai jaki.

"Kaya nawa yake ɗauka?"

"Ƙwanku uku da fanka da rediyo, Inna, bai ma san an ɗora masa komai ba. Amma kada a haɗa masa dutsen guga."

"Cinsa fa?"

"Kaɗan. Galan ɗaya ya kai ku nesa."

"Yana da gardama?"

"Ki gani da idonki."

Ya naɗa igiya ya fizga sau ɗaya. Inji ya kama, wani ƙwai da ya rataye a ƙusa ya kawo haske da rana tsaka. Na ce wannan za mu ɗauka. Malam Iro ya kashe shi, ya dubi Heluma.

"Ka san injiniyan kamfaninku da ya zo nan, wannan ɗin ya nuna? Shi sai da ya kwance rabinsa. Inna da yatsa ɗaya ta gane."

Jama'a, kaina ya kumbura har na ji ɗankwali ya matse ni.

Daga nan maza suka koma gefe suna maganarsu ta ciniki, ni kuma na zauna a kan wata taya ina gadin abin da na zaɓa, kada a musanya. Wani lebura ya zo ya ɗora ƙwaryar tuwonsa a kan tankin kafin ya wanke hannu, miya ta ɗan zuba, ya ɗauke ƙwaryarsa ya tafi. Sai ga wani jan kare mai yankakken kunne ya fito daga ƙarƙashin mota. Ya yi miƙa, ya tako a hankali, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan injina, ya sa harshe ya lashe miyar nan tas. Ya lashe murfin tankin, ya zagaye bakinsa, ya koma ya sake, kamar an biya shi.

Ba wanda ya gani sai ni. Da ma haka rayuwata take, ba wanda yake gani sai ni. A daidai lokacin ina jin Malam Iro yana jera wa Heluma wasu sharuɗɗa yana lanƙwasa yatsu, na ɗaya kaza, na biyu kaza, amma hankalina yana kan harshen kare. Ban kuma faɗa ba. In na ce na fasa, a ce Inna ta zaɓa ta dawo ta warware. In na faɗi dalili, maza su yi mini dariya. Na ce a raina, wannan gyaran mata ne, a gida za a yi shi.

Ran Alhamis aka kawo shi a amalanke, Malam Iro ya tsiyaye man cikinsa saboda hanya. Aka ajiye shi a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Lefe kuma ran Asabar. Ran Juma'a da safe, Heluma yana fita aiki, na ƙwala wa Rabi kira.

"Kawo ruwa, da sabulun salo, da soso. Ki ɗebo mini ƙasa mai laushi a kasko."

Ku tsaya ku ji hujjata kafin ku yi dariya, don ni a lokacin ban ga inda ta karkace ba. Mun taso muna ji, abin da kare ya sa wa baki ana wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Wannan abu kuwa yana da baki, yana da murfi, yana da ciki da ake zuba abu. In ba tukunya ba ne, mene ne? Sa'an nan daga cikin nan wuta za ta fito, ta bi waya, ta shiga fanka, fanka ta huro iska a jikin mutane masu alwala. Hasken ƙwan kuma a kan buzun sallata zai sauka. Ni in zauna ina lazimi a hasken yawun kare? (Ga malamai a unguwa kamar me, ko ɗaya ban tambaya ba. Ni ake tambaya.)

Rabi ta ajiye bokiti, ta tsaya tana murza bakin zaninta.

"Inna, ko mu jira ya dawo a tambaye shi?"

"Shi ya haife ni?"

"A'a, Inna."

"To kama nan."

Na fara da waje. Na dirje shi da soso har fentin da ya rage ya bi ruwa. Na bi duk wani lungu da rami na ɗura kumfa. Sa'an nan na buɗe murfin tankin, na zuba ƙasa, na bi ta da ruwa, na kama mariƙi ɗaya Rabi ta kama ɗaya, muka yi ta jijjiga shi kamar masu kaɗa nono. Mu karkata shi mu zubar, abin da ya ƙi fitowa in ɗaura tsumma a kara in tsane. Na jera tsakuwa bakwai a gefe, kowane wanki in ɗauke ɗaya, kada shaiɗan ya rikita mini lissafi. Rabi ta yi sawu rijiya ya fi goma. Da muka gama na ji har yanzu yana ɗan wari, sai na sa garwashi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, na tura ƙarƙashinsa na lulluɓe shi da tsohon zani, yadda ake yi wa kayan amarya.

Ya fito fes. Ban taɓa ganin inji mai ƙanshi irinsa ba, ban kuma ƙara gani ba.

"Wannan ba maganar maza ba ce," na ce wa Rabi. "Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

Da yamma Heluma ya dawo da galan ɗin fetur, ya ɗura, ya ce bari ya tayar da shi ya gwada kafin gobe. Nan ma Allah ya buɗe mini ƙofa, na sa ƙafa na rufe.

"Ka ƙona mai a banza? Ba a gabanka aka gwada ba? Ko idona kake shakka?"

Ya ajiye igiya.

Ran Asabar bayan azahar suka iso da guɗa. Aka shigo da akwatunan fantimoti da kwalla aka jere a ɗakina, fanka tana ta juya kai. Aka buɗe kaya, na duba atamfa ɗaya bayan ɗaya, ban samu abin kushewa ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina zaune ina roƙon Allah a zuci masu wuta su ɗauke. Da na ga an kusa gamawa ba su ɗauke ba, har na fara jin haushinsu.

Sai kuwa fanka ta yi sanyi, ta sunkuyar da kai.

Hajiya Dije ta kai hannu cikin mayafi.

"Mayar da shi, Hajiya," na ce, ina gyara zama. "Gidan nan mun daina jiran aro. Rabi, gaya wa maigidan ya tayar da namu."

Heluma ya yi sallama ya shigo daga zaure, mata suka gyara lulluɓi suka matso bakin ƙofa suna leƙe. Ya haɗa waya, ya naɗa igiya, ya fizga. Inji ya ce uhum, ya yi shiru. Ya sake. Ya sake. A ta biyar ya yi wani tari irin na tsohon da ya shaƙe da fura, ya tofar da wani abu fari, ya koma barcinsa. A ta goma hular Heluma ta faɗi. A ta ashirin rigarsa ta manne da bayansa, ni kuma na daina ƙirgawa.

"Ko shi ma na aro ne?" in ji Hajiya Dije.

"Haka ne, Hajiya," in ji matan nan uku.

"A'a, saye ne," Tabawa ta ce daga bakin ƙofa, da murya har zaure. "Inna ce ma ta zaɓo da kanta. Har Bompai ta taka."

Wallahi ko a lokacin wankin nan bai faɗo mini a rai ba. Wa ya taɓa jin tsabta ta ɓata abu? Abu ɗaya na gani: an cuce ni, ni da ba a cuta, kuma a gaban matar birni. Na miƙe.

"An musanya! Ba wannan na ƙwanƙwasa ba. Hau keke ka ɗauko mini fitan nan yanzu."

"Inna, a bari baƙi su tafi mana."

"A gabansu aka kunyata ni, a gabansu zai amsa."

Zaman jiran nan ya yi tsawo. Gumi yana bin wuyana. Hajiya Dije ta yi fifita ta yi fifita, sa'an nan ta miƙo mini maficin, ta ce, "Ɗan taɓa, Inna." Na karɓa. Zafi ba ya barin mutum da girman kai.

Malam Iro ya shigo da sallama, da sifana a aljihu. Ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Malam Iro, ka dubi furfurata ka yi mini haka? Na zaɓi mai lafiya, ka aiko mini da gawa? Ka yi ta yabona a gaban ɗana ashe dariya kake yi mini? To ka sani, daga nan har Fagge sai kowa ya ji irin sana'arka!"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, ki ba ni izini in duba." Ya tsuguna, ya shinshina, ya ɗan yi turus. Ya kwance fulogi ya duba, ya girgiza kai. Ya ce a ba shi tasa. Ya sa ta ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan famfo. Abin da ya fara zubowa ba fetur ba ne. Ruwa ne, fari-fari, da kumfa a kansa, yana gama taruwa wani laka ya kwanta a gindin tasar. Ya sa yatsa ya murza, ya kai hanci.

"Sabulun salo," ya ce. Ya sake murzawa. "Da ƙasa." Ya ɗaga kai. "Heluma, me na fara lanƙwasa maka yatsa a kai? Ban ce ko yayyafi kada ya taɓa shi ba?"

A nan ne tsakar gidan ta juya mini. Kaza kuwa tana ta tononta a gindin turmi.

"Oho!" in ji Tabawa. "Shi ya sa jiya na ga Rabi tana ta jidar ruwa tun safe. Na ce wankin me ake yi haka?"

Duk ido ya koma kan Rabi. Ta dube ni sau ɗaya, kallo gajere. Sai ta durƙusa a gaban mijinta, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce. Na ga ya yi datti ne. A yi haƙuri."

Fuskar Heluma ta haɗe. Hajiya Dije ta riƙe haɓa, ta juya wajen matanta, ta ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Uwar amaryar ke nan fa. To, Allah ya sa 'yar ba ta gado ba."

Ga ƙofa an buɗe mini, ba sai na yi komai ba, in yi shiru kawai. Sunana ya tsira: na zaɓi mai kyau, suruka ta ɓata. Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya a bakin ƙofar nan tsawon karanta Fatiha, ina dubawa. Sai na dubi Rabi a durƙushe cikin ruwan sabulu, matar da ban taɓa ce wa madalla ba, ta ɗauki kayana ta ɗora a kanta, ana shirin sauke shi a kan 'yarta.

"Tashi, Rabi," na ce. "Ƙarya ba ta karɓe ki ba, ba ki iya ba. Ni na wanke shi."

"Ke, Inna?" in ji Heluma.

"Ni. Sau bakwai."

"Sau bakwai?"

"Ɗaya da ƙasa." Na sunkuyar da kai. "Kare ne ya lasa."

Malam Iro ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya cije leɓe, ya dubi sama, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Amma daga ƙuryar ɗaki sai aka ji wata 'yar ƙara, Binta ta toshe baki da matashi abin ya fi ƙarfinta. Shi ke nan. Hajiya Dije ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo cikina! An yi wa inji tsarki!" Matanta uku, karo na farko, ba su jira izininta ba suka kwashe da tasu. Tabawa kuwa tuni ta fara gyara mayafi, ta ƙagu ta fita, labari yana ƙona mata baki.

Ana cikin haka masu wuta suka dawo da tasu. Fanka ta ɗago, ta fara juya kai, hagu, dama, hagu, dama, tana kallona kamar mai cewa a'a, a'a, Inna, ba haka ake yi ba.

Da za su tafi Hajiya Dije ta riƙe hannuna, tana share ido. "Inna, gidan da ake wanke ƙarfe sau bakwai, ba ma shakkar tuwon 'yarsu." Har yau ban sani ba ko yabo ne ko zagi. Na karɓa a yabo, don shi nake buƙata. Malam Iro ya sa aka ɗora injin a amalanke ya tafi da shi, bai ce mini komai ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Washegari Lahadi, ina idar da sallar asuba na hura wuta da kaina na soya waina, na zuba a kwano na ɗaure. Na fito na tarar Rabi ta gama shara. Na bi tsakar gidan da ido, ga kara ɗaya a gindin rumfa, na gaske, ba wanda na ajiye ba. Na taka shi na tsaya a kai.

"Madalla, Rabi."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. "Inna, lafiya? Jikin ne?"

"Ɗauki tsintsiyarki, kada ki saba."

Na kama hanyar Bompai. Kamfanoni shiru, sai masu gadi. Na tarar Malam Iro ya baje injina a kan buhu gunduwa-gunduwa, yana wanke kowane da fetur (ashe shi ma wankin yake yi, ruwan ne ya bambanta). Na ajiye kwano.

"Malam Iro, jiya na faɗi magana."

"Ba komai, Inna, ya wuce."

"Da komai. A gaban mutane na faɗa. Kira mini mutane."

Ya kira maigadin maƙwabta da mai shayin bakin titi. Na tsaya a gabansu na ce mutumin nan bai cuce ni ba, ni na cuci kaina na kuma zage shi, ya yafe mini. Suka dubi juna, don ba su san an yi ba, amma suka ce sun shaida, aka ba su waina.

"Sai dai abu ɗaya ya ɗaure mini kai, Inna," in ji Malam Iro. "Ƙanshin nan fa?"

Na gaya masa zancen kaskon turare. Ya ajiye sifana a hankali.

"Garwashi? A ƙarƙashin tankin fetur?" Ya yi salati. "Inna, wankin nan naki shi ya cece ku. Da sau ɗaya kika yi, da yanzu wani zancen ake."

"Ka ga amfanin cika bakwai ke nan," na ce. Ban yarda in bar masa gardamar duka ba.

Sa'an nan na zauna a kan tayar nan na ce ya maimaita mini sharuɗɗan da ya gaya wa Heluma, yana lanƙwasa yatsunsa ina lanƙwasa nawa. Kada ruwa ya taɓa shi. Kada a tayar da shi a cikin ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. Kada a zuba masa mai yana aiki. Kada wuta ta matso kusa. Na haddace su kamar karatun salla. A tsufana na gane cewa iya zaɓen abu daban, sanin abin da yake so daban, kuma mai ido ma in ta ajiye kunnenta a gida, sai ta yi wanki bakwai ta ji kunya a gaban baƙi.

Ina shirin tashi sai ga jan karen nan ya fito daga ƙarƙashin mota. Ya yi miƙa, ya tako, ya shinshina tankin injina da ke kan buhu inda man waina ya ɗiga, ya zaro harshe ya lasa. Malam Iro ya daskare da waina a hannu, ya juyo a hankali yana dubana.

Na gyara mayafina, na mayar da fuskata wajen titi.

"Ban gani ba," na ce.